Wayar da ke Ƙarƙashin Kuɓewa

A Duvu na girma, a hannun kakata Talatu, uwar babana. Idan an gama tuwon yamma sai ta tura karan dawa a murhu, ta watsa gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Hausarta a kasuwa ta tsince ta, mace ma "shi" take ce mata, in labari ya yi zafi kuwa sai ta koma yarenta na Gude. Ba ta iya lallashi ba. Wanda ya yi gyangyaɗi, da kara take tashinsa.

Akwai tatsuniyarta guda da na tsana. Wai wani gari ne a gindin dutse, ruwansu daga sama yake gangarowa ya taru a tafki a tsakiyar gari. Wata safiya aka tashi tafki ya ƙafe. Maza suka taru, suka ce ruwa ya nutse ƙasa, a haƙa a same shi. Kwana bakwai suna haƙa, har suka fasa falalen dutsen da ke riƙe ruwan. Ran na takwas wata bazawara ta ɗauki sandarta ta bi hanyar ruwan taki-taki. A tsakiyar hawa ta tarar ƙanen mai gari ya tare ruwan da duwatsu ya juya shi gonar tabarsa. Ta ture duwatsun, ruwa ya gangaro, ya iske tafki a fashe, ya zurare. Aka ce ita ta ɓata wa ruwa rai, aka kore ta daga garin.

Nakan miƙe in ce ban yarda a nan ta ƙare ba. Kaka sai ta ce, "A nan ya ƙare. So kike a ba shi saniya? Zauna ki ci gyaɗa."

Yanzu na wuce hamsin. Muna zaune a Mubi, da bohol a tsakar gida da injin sumo mai turo ruwa a ƙasansa. Shekara talatin na yi ina ɗauko ruwa a kai daga mayo, wato kogi, wuyana har yau bai yafe mini ba. Ran da na ga tanki ya cika ya tumbatsa, kuka na yi. A daminar bana kuwa, bayan wani ruwa mai ƙarfi, na danna makunni, akwatin injin ya yi gurnani, ya yi ƙas, wuta ta yanke. Na sake, haka.

Maigidana Yakubu ya kawo wani mai gyaran wuta, Bitrus, da ake kira Injiniya. Ko jakarsa bai buɗe ba. Ya danna makunni sau ɗaya, ya ce injin ya ƙone a ƙasa, a ciro shi. Igiyar da ke riƙe da injin nan ta tsufa, kuma da idona na ga ta maƙwabtanmu ta tsinke ana cikin ja, injin ya koma ƙasa ya toshe ramin, bohol ya mutu ke nan. Yakubu, wanda sai an yi mako ana roƙonsa kafin ya canza ƙwan fitila, shi ne yau ke azalzala a ciro.

Na je na tsaya a kan murfin bohol ɗin.

"Mama, wannan ba aikin mata ba ne," in ji Bitrus.

Na ce, "Ɗaukar ruwa fa, aikin wa ne? In igiyar nan ta tsinke, kai za ka je mayo ko shi?"

Ina da shekara arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, mutane suna mini dariya. To, a bayan murfin akwatin injin akwai zane da rubutu, na kuwa daɗe da karanta shi: waya uku ce ta fita zuwa injin, kowace da launinta da wurin zamanta. Na ce wa Bitrus daga nan za mu fara. Ya duba fiyus yana tsaki, lafiya. Ya gwada kafasita, lafiya. Na ce ya kwance wayar a bakin bohol ya auna ɓangaren injin da mitarsa. Ya auna, ya sake aunawa. Injin ƙalau yake. Da ya auna wayar da ta taho daga akwatin da ke ɗaki, sai ga biyu cikin ukun suna taɓa juna.

Na ɗauki fartanya na bi layin wayar. Rabin hanya, a cikin 'yar kuɓewar da Yakubu ya shuka farkon damina, na tono wani ƙulli na baƙar leda an ɗaure da robar tayar babur. Bitrus ya warware, ruwa ya tsiyayo. Ashe Yakubu ne ya sare wayar yana huɗa ran da babu wuta, ya murɗa ta da hannu, ya naɗe, ya binne, bai faɗa wa kowa ba. Ya gwammace a yi kasadar bohol ɗina da ya ce "ni ne".

Ban yi masa magana ba ranar, don na san bakina. Bitrus ya yanke wurin, ya haɗa da kyau, ya zura wayar cikin bututu. Kafin rana ta faɗi tanki ya cika. Ran Lahadi kuwa, a bakin coci, na ji Yakubu yana ba maza labarin yadda shi da Injiniya suka gano matsalar.

Da ina yarinya, mutanen garin tatsuniyar nan nake jin haushi, da Kaka da ta ƙi gyara ƙarshen. Yanzu bazawarar nake jin haushi. Ta san hanyar ruwan tun ran farko, ta zauna kwana bakwai tana kallon maza suna fasa tafki don kada a ce ta yi rashin kunya. Ina jin abin da Kaka ke nuna mana ke nan, shi ya sa ta ƙi ba bazawarar ladan saniya.

Jikokina ma, in na ba su tatsuniyar, sukan miƙe su ce ba a nan ta ƙare ba. Nakan ce su zauna. Kuɓewar kuwa na tuge ta tas, Yakubu miyar kuka yake sha har kaka.