Motar da ba ta da kik

Har gobe ban manta da ranar da 'yan tada ƙayar baya suka afka wa wani gari na arewa maso gabas ina cikinsa ba. A lokacin ina tuƙa babbar mota, ina ɗaukar albasa daga Aliero. Motar tsohuwa ce, kik ɗinta ya mutu tun tuni. Ga wanda ba direba ba, ma'anarsa ko ka murɗa makulli ba za ta tashi ba, sai an tura ta ko ta gangara. Shi ya sa duk inda na sauka nake neman gangare, in juya kanta waje, in tokare taya da dutse. Direbobin tashar Jega sun sha yi mini dariya a kan haka.

Ranar mun isa kasuwar da hantsi. Kowa ya kutsa ciki kusa da rumfuna, ni kuwa na tsaya a bakin ƙofa inda ƙasa ta gangara. Mai kayan, Alhaji Bawa, ya tsuke fuska.

"Garba, mi ya hana ka shiga ciki awa kowa? Motag ga taka ta ishe ni."

Na ce ya yi haƙuri. Bai yi ba.

Bayan azahar muka ji harbi daga bakin gari, kafin a ce me ke faruwa ya iso bayan kasuwa. Motocin ciki duk lafiyayyu ne, amma kowace ta ba ƙofa baya, suka cushe wa juna hanya. Mata masu abinci da leburori suka ɗare kan buhunana. Alhaji ya faɗo gaba ba takalmi.

Tsoro ya kama ni ƙwarai, domin gangaren gajere ne. In ya ƙare ba ta tashi ba, babu mai sauka ya tura. Na janye dutsen, na haye, na taka kuloci, na sa giya ta biyu, ta fara gangarawa. Na saki kuloci, ta yi tari ta yi shiru. Na sake takawa, na bar ta ta ƙara gudu har muka kusa ƙarshen gangaren, sannan na saki. Ta kama. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba.

Ban kashe ta ba sai da muka yi nisa. Na leƙa baya, kowa na nan da ransa, na sauka na zauna a gefen titi.

A hanyarmu ta dawowa gida, muna wuce Maiyama, Alhaji ya dube ni ya ce, "Garba, kik ɗin nan, kak ka gyara shi."

Na gyara shi dai daga baya. Amma ku yaran yanzu, ga abin da aikin nan ya koya mini: kafin ka kashe mota, ka fara duba ta inda za ka fita. Ni ko gidan biki na je, kan motata na kallon hanya.