Makin da Baba Ya Kai Majalisa

Ɗari huɗu da talatin na ci. Kwamfutar ce ta fito min da shi ƙiri-ƙiri a wani ɗaki mai sanyi a Abuja, tun ban tashi daga kujera ba. Jarrabawar cikin ɗari takwas take, kuma jami'o'in ƙasar waje da nake nema su ɗauke ni digiri na uku a fannin kasuwanci, mai ɗari bakwai ma sai ya haɗa da addu'a. Lissafi ne ya kashe ni. Ni da nake koyar da dabarun kasuwanci a wata kwaleji a Shango, nan Minna, ina cika wa ɗalibai baki, sai ga agogo yana gudu a kan allo ni kuma ina ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur.

Na dawo Minna da niyyar in tura takardun neman haka nan, in haɗa da dogon bayani cewa na daɗe ina koyarwa kuma na san kasuwa tun ina yarinya. Kafin in wuce gidana sai na biya ta Tudun Wada in gaida Baba.

Shagon Baba na kayan tela ne: zare, allura, maɓalli, zif. Daga Bida ya zo da shi tun kafin a haife ni. Mu biyar ne 'ya'yansa, duk mata, kuma duk ya sa mu a boko. Akwai benci a ƙofar shagon inda dattawan layin suke zama bayan La'asar, kuma a kan bencin nan ya sha magana shekara da shekaru. Wai yana zuba ruwa a kwando, wai karatun mace ƙarshensa murhu. Shi dai sai ya ci gaba da jera zarensa, amma mu a gida mun san abin yana cin sa.

Ni ce babba, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake ce min.

"Uwata, an dawo? Nawa aka samu?"

Na durƙusa na ce, "Ɗari huɗu da talatin, Baba. Amma..."

Bai bari na kai ƙarshe ba. Jarrabawa ɗaya Baba ya sani a duniya, ta shiga jami'a ta nan gida, wadda iyakarta ɗari huɗu. Ita ce duk muka rubuta, ita ce ɗan maƙwabcinmu ya ci ɗari biyu da wani abu ubansa ya yanka rago. Baba ya miƙe tsaye, almakashi a hannunsa.

"Kin wuce ƙarshen makin kenan! Har suka ƙara miki!"

"Baba, ba irin waccan ba ce. Wannan ban ci da yawa ba, kaɗan ne ƙwarai."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya juya ga telan da ya zo sayen zif ya ce, "Ka ji ta ko? Haka take tun tana ƙarama, ba ta son yabo."

A nan na faɗa ramin da ban iya fita ba. A gidanmu an hore mu cewa idan babba ya yabe ki, sai ki sunkuyar da kai ki ce ba komai ba ne. Idan aka ce girkinki ya yi daɗi, ki ce gishiri ya yi yawa. Baba da kansa ya koya mana haka, kuma yana alfahari da shi. To ranar da gishirin ya yi yawa da gaske, da wane baki za ki faɗa? Na faɗa a shago, na sake faɗa a gida a gaban Inna, na ce cikin ɗari takwas ne. Inna ta ce, "Ke dai Allah ya ƙara miki kunya." Baba kuwa ya ce ko cikin dubu ne, shi dai bai taɓa jin ɗan wani a layin nan ya kai ɗari huɗu ba.

Abokiyar aikina, wata 'yar Kudancin Kaduna da muke ofis ɗaya, ta ce min, "Abeg, don Allah ki zaunar da tsohon nan ki buga tebur. Ki yi masa ihu in ya kama." Na ce mata ni ban san yadda ake yi wa Baba ihu ba. Ta ce to in nemo wanda zai ji maganarsa.

Mutum ɗaya ne, ɗan wan Baba, wanda muke ce wa Yaya. Shi kaɗai ne a danginmu ya taɓa karatu a waje, ya yi digiri na biyu ya dawo da gilashi da wata irin tafiya. Duk takardar Turanci da ta shigo dangi shi ake kai wa. Ya san jarrabawar nan sarai, don ya rubuta ta. Na same shi a gidansa na faɗa masa komai, na roƙe shi ya yi wa Baba bayani a hankali, su biyu.

"Haba ƙanwata, wannan ai ƙaramin abu ne," in ji shi. "Bar min."

Washegari ya je shagon. Inna ce ta ba ni labari, tana murna. Wai Yaya ya rungume Baba ya ce, "Baba, wannan maki ai sai an yi sadaka. Dakta ce fa a gidan nan." Daga bakinsa sunan ya fito. Na kira Yaya a waya, ya ce min, "Tsoho yana farin ciki, ke kuma kina so in ɓata masa? Ki bari sakamako ya fito, wa ya sani." Ina jin yadda yake danne dariya.

Aka yi sadakar ranar Juma'a. Inna ta soya waina, aka dama kunu, aka kai masallacin layin, Baba ya raba goro a kan bencin da kansa. Dattawan da suka shekara suna masa gori suka zo ɗaya bayan ɗaya suna cewa Allah ya sanya alheri. Wanda ya fi kowa baki a cikinsu, wani mai sayar da katifa, har ya ce, "Malam, ashe kai ka ga abin da ba mu gani ba." Ban taɓa ganin Baba ya zauna a tsakiyar bencin nan ba sai ranar. Da can kullum a gefe yake, kusa da ƙofar shago, kamar mai jiran a kore shi. Na tsaya daga cikin zaure ina kallonsa, ya sa babbar rigarsa ta Sallah.

Na tura takardun. Na yi ta addu'a ko jami'a ɗaya ta yi kuskure ta ɗauke ni, ba don kaina ba kuma. Watanni suka wuce, amsoshin suka riƙa shigowa waya, dukansu da ladabi, dukansu a'a. Wata ma ta ce min in sake gwada jarrabawar. Baba kuwa kullum sai an tambaye shi yaushe Dakta za ta tashi, shi kuma ya ce ana shiri.

Da ta ƙarshe ta zo, na yanke shawara in je gida da yamma in faɗa masa, ko da zan yi kuka ne ya yarda. Kuskurena ɗaya, na fara faɗa wa Inna a waya da safe, ita kuma ta kira Yaya ta tambaye shi ko akwai abin da za a yi.

Bayan La'asar Yaya ya isa majalisar bencin, ya riga ni. Ina saukowa daga keke napep na hango shi zaune a cikin dattawan da waya a hannu. Mai katifa ne ya yi tambayar, ko kuma an sa shi ya yi.

"Wai ya maganar tafiyar Dakta?"

Yaya ya gyara gilashi. "Ai ba su ɗauke ta ba, Alhaji. Dama da wuya. Jarrabawar cikin ɗari takwas ce, kuma duk wanda ya zauna ya rubuta sunansa kawai ana ba shi ɗari biyu kyauta." Ya miƙa wayar suna karɓa hannu da hannu. "Ni ma na so in faɗa tun farko, to amma Baba ya riga ya sayi goro."

Ba su yi dariya da ƙarfi ba, da ma sun yi da ya fi min sauƙi. Mai katifa ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki. To wainar dai ta yi daɗi." Wani ya ce ai ba laifi, mace ta kai rabi ma ta yi ƙoƙari. Baba yana zaune a tsakiyarsu, hannayensa a kan gwiwa, yana kallon ƙasa. Da ya ɗago ya gan ni tsaye, sai ya tashi ya shiga shago, na bi shi.

"Kin sani?" ya ce, bai juyo ba.

"Na faɗa maka, Baba. Sau nawa ina faɗa."

"Kin faɗa kanki a ƙasa."

Haushi ya kama ni, haushinsa da na Yaya da na kaina, amma ko a lokacin durƙusawa na yi. Ya ɗauki wani kwalin maɓalli ya mayar da shi inda ya ɗauko, sannan ya ce daga yau idan ina da magana in same shi a gida, kada in ƙara zuwa shago.

Yaya har gobe yana zuwa gidanmu da Sallah, Inna ta zuba masa nama, kuma har gobe shi ake kai wa takardar Turanci. Ni ban ƙara gaishe shi ba, dangi suna cewa baƙin ciki nake masa don shi ya je waje ni ban je ba.

Baba bai sake zama a bencin ba. Ya daina sallar La'asar a masallacin layin ma, don hanyar dawowa ta gabansu take bi. Akwai wani masallaci can bayan makarantar Islamiyya, da ɗan nisa, nan ya koma. Wata rana ina cikin keke zan wuce Shango na hango shi a bakin titi yana tafiya can, yana ɗingisa ƙafar da ke masa ciwo, rana tana dukansa. Na ce wa mai keken ya tsaya, na leƙa na ce, "Baba, shigo mu kai ka." Ya waiga baya tukuna ya ga ko akwai ɗan layinsu a kusa, sannan ya ce min in wuce, kada in makara.