Tsawar Rumfa

Ni matsoraci ne, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. A motar Abuja da nake shiga kowace safiya, ni ne mai cewa direba ya rage gudu har sauran fasinjoji su riƙa harara ta. Baba kuwa Allah bai sa masa tsoro ko na ƙwayar gero ba. A zamanin ƙuruciyarsa shi ne golan ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, kuma har ya tsufa yana nuna wa mutane yatsansa da ya karkace kamar wata lambar yabo.

Filin ƙungiyar yana bayan gari, hanyar da ke fita Sabon Gari. Babu abin kallo a cikinsa sai rumfar 'yan kallo, wadda su Baba suka gina da hannunsu tun ba a haife ni ba: ginshiƙan ƙarfe, matakan katako hawa-hawa, rufin kwano. Wurin zaman Baba yana can ƙololuwa, jikin ginshiƙin hagu, kusa da amininsa, wani tsohon malamin makaranta ɗan Sabon Gari da suka buga ƙwallo tare. Baba yana ce masa Tica. Da gwiwoyin Baba suka fara ciwo, sai ya zama ni ke kai shi a keke duk Asabar, in riƙe shi mu hau mataki-mataki, yana hutawa yana zagin matakan.

Akwai wata al'ada a filin nan da ban taɓa gani a wani wuri ba. In ƙungiyarmu ta ci ƙwallo, ba a fara da ihu. Kowa sai ya buga ƙafafunsa biyu a kan katako, a tare, a yi ta bugawa har kwanon rufin ya amsa. Ana kiranta tsawa. Daga unguwarmu, Angwan Iya, ana jiyo ta, mata suna tsakar gida su ce an ci. Na tashi ina sonta kamar kowa.

Wata Asabar da damina sandar Baba ta suɓuce ta faɗa ta tsakanin katakai, na sauka na zagaya ƙarƙashin rumfar don in ɗauko. Ban taɓa shiga wurin ba. Masu awara da kunun aya ne ke zama a nan saboda inuwa. Ina sunkuye ina neman sandar aka ci ƙwallo.

Abin da ake ji daga sama daban, abin da ake gani daga ƙasa daban. Katakan suna lanƙwasawa suna miƙewa. Ƙusoshi suna leƙowa suna komawa. Garin tsatsa da na gara yana zubowa a kaina. Ginshiƙin hagu kuwa, wanda Baba ke jingine da shi, na ga gindinsa yana motsi a cikin simintin da aka dasa shi, kamar haƙorin da ya kusa fita. Mai awarar da ke gefena ko ɗaga kai ba ta yi ba, faifai kawai ta ja ta rufe kaskonta. Na fito da sandar a hannuna.

A lokacin dama ana ta gardama a unguwa. Matasan kwamitin ƙungiya suna so a rushe rumfar a gina ta kankare, har wani ɗan unguwa mai hali ya ce zai ɗauki nauyi. Dattawa suka ce ba da su ba. An kawo injiniya ya duba ya ce a rushe. Su Baba suka kawo nasu, ya duba ya ce gyara kaɗan take buƙata. Kowa ya riƙe injiniyansa.

Da muka koma gida na gaya wa Baba abin da na gani.

"Motsi?" ya ce. "To ai dole ta yi motsi. Da gangan muka bar mata wurin numfashi. Ƙarfen da ba ya motsi shi ke karyewa."

"Baba, ko ƙasa ka dawo da zama. Matakin farko."

"In zauna da yara masu tallan rake? Kai dai tun kana goye kake tsoron kaza."

Ummata ta yi dariya daga ɗaki. Ni ban yi ba. Na san in wani abu ya faru, kowa zai iya tsalle ya dira, ban da Baba da gwiwoyin nan nasa.

Daga ranar kallon ƙwallo ya fita daga raina. Ina zaune kusa da shi, idona ba ya kan fili, yana kan ginshiƙi. Tafin hannuna a manne da katako ina sauraron abin da zai gaya mini. In 'yan wasanmu suka doshi ragar abokan hamayya, kowa ya miƙa wuya, ni kuma in ƙara danna tafina a katakon. Har na kai ga ina roƙon Allah a ɓoye kada mu ci. Ɗan golan unguwa guda, yana zaune kafaɗa da kafaɗa da ubansa, yana addu'ar ƙwallo ta bugi turke. In aka tashi babu ci, Baba ya dawo gida yana tsaki, ni kuwa in ci tuwo da daɗi.

Sai ranar da muka karɓi baƙuncin ƙungiyar da muka fi jin haushi. Ban taɓa ganin rumfar ta cika haka ba, har a kan matakan hawa mutane sun zauna. Tun kafin a fara wasa katakon yana kuka a ƙarƙashinmu. Ana dab da tashi alƙalin wasa ya ba mu fenariti. Tica ya dafa gwiwar Baba ya ce, "Shirya ƙafarka, tsoho." Ni kuwa duk addu'ar da na iya na karanto ta.

Ɗan wasanmu ya buga, ta shiga.

Tsawar ranar ta fi ta kullum. Ina jin ta a haƙorana. Ana cikin bugawa sai wani abu ya yi ƙara ƙarƙashinmu, ƙara ɗaya mai kaifi, ta karyewar busasshen itace. Ƙafafu suka tsaya cak. Wani ya ce, "Za ta faɗi!" Shi ke nan, rumfar ta hargitse. Masu tsalle na yi, masu turawa na yi, takalma da huluna ko'ina. Tica ya bi ayari, yana waiwaye yana kiran Baba. Baba ya yunƙura zai miƙe, gwiwa ta ƙi.

Ban san lokacin da na durƙusa na ɗora shi a bayana ba. Ban taɓa zaton ya yi rashin nauyi haka ba. Kowane mataki na taka sai in ji kamar shi ne zai buɗe. Ina jin numfashinsa a wuyana, hannunsa mai karkataccen yatsa ya damƙe rigata. Muna isa ƙasa ya ce a hankali, "Sauke ni, mutane na kallo."

Rumfar ba ta faɗi ba. Katako ɗaya ne ya tsage a tsakiya, babu wanda ya ji rauni sai masu targaɗe garin dira. Dattawa suka ce kun gani, katako ɗaya, a sake shi. Matasa suka ce kun gani, gargaɗi ne. Aka kira taro a filin, aka ce a ɗaga hannu. Da aka zo kan masu son a rushe, na ɗaga nawa. Baba yana gefena a kan kujerar roba. Ya dubi hannun, ya kau da kai. Masu son a rushe suka yi rinjaye.

Ranar rushewa ban je ba, ina wurin aiki. Tica ne ya zo gida da yamma yana ba Baba labari, muryarsa har waje: ginshiƙan sun ƙi fita, an ɗaura musu sarƙa an ja da tifa sun ƙi, sai da aka kira masu walda suka yanka su. Baba yana ta gyaɗa kai. Na je na sami ɗaya daga cikin ma'aikatan na tambaye shi ginshiƙin hagu fa, shi ma ya ƙi fita? Ya ce wallahi bai lura ba, duk ƙarfe ne. Har yau ban san ko abin da na gani zai kashe mutane ba, ko kuwa numfashin da Baba ya faɗa ne.

Sabuwar rumfar tana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ranar buɗewa na kai Baba, muka hau har sama. Da aka ci ƙwallon farko, jama'a suka buga ƙafa kamar yadda aka saba. Kankare bai ce komai ba. Ɗan tas-tas na silifa, sai mutane suka dubi juna suka koma ihu da tafi. Baba ya ƙara bugawa shi kaɗai, ya dubi ƙafafunsa, ya ce in kai shi gida.

Bai sake zuwa ba. Ni ina zuwa, kuma yanzu ina iya kallon wasa hankalina kwance, har in yi murna in mun ci. In na dawo nakan same shi a zaure, ya juya kujerarsa wajen da filin yake, hularsa a ture gefe ɗaya ta bar kunne a waje. Ba ya bari in gama sallama.

"An ci kuwa? Ban ji komai ba."