Hotonmu a Fastar Ɗan Takara

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni mai faci ne a bakin titi, kusa da ƙofar jami'a a nan Dutse. Na haura arba'in, ina da iyali, amma ko sunana ban iya rubutawa da boko ba. Na yi karatun allo gwargwado, sai dai idan saƙo ya shigo wayata dole in jira yara su dawo daga makaranta. Abin yana cina a rai, ban dai faɗa wa kowa ba.

Akwai wani ɗalibi mai ladabi da yake kawo min babur ɗinsa, ba ya magana da ni sai ya rusuna. Wata rana ya ce min shi ne shugaban wata ƙungiyar ɗalibai masu aikin sa kai, kuma suna so su buɗe ajin manya kyauta a unguwarmu ta Limawa, bayan la'asar. Ya ce malamai suna da su, mutane ne babu, domin manya ba sa amsa kiran yara. Ya roƙe ni in tara musu. Na bi gida gida na samo magidanta, amma wanda ya fi ba ni wuya shi ne aminina. Tare muka tashi a ƙauyenmu ta wajen Kiyawa. Yanzu shi babban ɗan kasuwar hatsi ne, ya je Makka, shi ake sawa gaba wajen ɗaurin aure da sulhu. Ban da ni da maiɗakinsa babu wanda ya san bai iya boko ba, har babban ɗansa da ke karatu a jami'ar. Da na kawo masa maganar sai ya yi dariya, ya ce da furfurarsa zai zauna a bencin 'yan firamare, gwiwa tana taɓa haɓa? Na yi ta binsa har ya yarda, da sharaɗi guda: kada kowa a waje ya sani, kuma ba hoto. Na dafa ƙirji na ce wannan a wuyana yake.

Farkon abin ya yi daɗi. Mukan rufe tagogin ajin mu yi ta fama da alli. Aminina ya laƙaba min Monita, yana cewa rubutuna kamar kaji sun yi tono, ni kuma ina ce masa ya riƙe alli kamar zai auna gero. Yaran suna haƙuri da mu, ban manta da wannan ba.

Daga nan ƙungiyar ta fara jana cikin makaranta. Suka ce sun naɗa ni uban ƙungiya, suka ba ni riga mai tambarinsu. Da makon bikinsu ya zo aka shigar da ni babban ɗakin taro, aka zaunar da ni kusa da malamai, aka kira ni Baba a lasifika, ɗalibai suna tafi. Ni da na yi shekaru ina liƙe taya a bakin ƙofar ban taɓa wuce masu gadi ba. Kaina ya kumbura, har na fara rufe shago da wuri don in je taronsu. Shi ya sa ranar da shugaban ya ja ni gefe ya ce malamin da ke kula da ƙungiyar yana son shaidar cewa ajin yana nan, hoto ɗaya kawai, shi kaɗai zai gani, na kasa ce masa a'a. Ya ce daga bakin ƙofa zai ɗauka, ba sai an tayar wa dattawa da hankali ba. Ban gaya wa kowa ba.

Ashe zaɓen shugaban ɗalibai yana tafe, kuma yaron yana takara. Wata safiya na zo buɗe shago na tarar da fastoci a bangon da ke bayana da jikin Keke Napep. Fuskar yaron ce babba a sama, a ƙasa kuma mu ne, aminina a tsaye gaban allo da alli a hannu, baki a buɗe. Na matsa na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. An rubuta wai shi ne ya fitar da mu daga duhun jahilci. Wannan ita ce jimla ta farko da na karanta a rayuwata ba tare da taimakon kowa ba.

Kafin azahar hoton ya zaga wayoyi, domin 'yan ɗaya ɓangaren sun ɗauka suna yi wa ɗan takarar ba'a da shi. A kasuwa abokan ciniki suka riƙa tambayar Alhaji ko Hajiya ta ba shi kuɗin tara, ko malam ya zane shi yau. A makaranta kuma abokan ɗansa suka sa yaron gaba, wai ya riƙa taya babansa aikin gida. Na shiga jami'a na nemi shugaban, na same shi cikin babbar riga, magoya baya sun kewaye shi. Bai rusuna ba. Ya ce Baba a yi haƙuri, aikin 'yan kamfe ne, kuma ai ɗaukaka ce, wasu nema suke a sa su a fasta. Ya ce bayan zaɓe za mu zauna. Ya ci zaɓen, ba mu zauna ba har ya gama makaranta ya tafi. Sababbin shugabannin ƙungiyar suka koma dashen itatuwa, ajinmu ya mutu.

Na je gidan aminina ina tsammanin zagi. Ya karɓe ni a zaure, ya sa aka kawo min ruwa. Tambaya ɗaya ya yi min, ko na san za a ɗauki hoton. Na ce na sani. Sai ya ce maganar 'yan kasuwa ba ta dame shi ba, bakinsu ne. Abin da ya karya shi, tun ranar ɗansa ya koma karanta masa duk abin da ya shigo gidan, har takardar magani, a hankali, ba tare da an sa shi ba, kamar yana jinyar mara lafiya. Sai ya ce in gaida gida. Tun daga nan idan mun haɗu a masallaci yakan ba ni hannu kamar baƙo. Da ya aurar da 'yarsa, a bakin maƙwabta na ji.

Ni na ci gaba da karatu a wani ajin manya, a hankali, kuma da hannuna na rubuta wannan, 'yata ta gyara min. Ban ce ƙungiyoyin ɗalibai duka haka suke ba. Amma ku 'ya'yanmu da ke jami'a, ku sani ku kuna zuwa ne ku wuce, mu kuwa a nan za a binne mu, kuma mutuncin da kuka ɗauka don neman ƙuri'a ba kwa nan ranar da ake nemansa. Ku kuma 'yan'uwana manya, idan wani ya ba ku amanar sirrinsa, kada tafin ɗakin taro ya sa ku yanke hukunci a madadinsa. Mutanen da na tara babu wanda ya sake zama a aji. Na sha zuwa in roƙe su, sai su ce Malam mun gode, wancan ma kai ka kai mu.