Chaibou da Gashin Karnukan Lyon

Ranar da na fara shiga motar Chaibou, baƙin kaftanina na sallah na saka, don sunan ɗan wani abokinmu za mu je a Rillieux-la-Pape. Na sauka ina taku ɗai-ɗai, ina miƙa wa mutane hannu. Sai wani dattijo ya kama kafaɗata ya juya ni kamar mai duba rago a kasuwa, ya ce, "Maikano, yaushe ka fara furfura ta baya?" Tun daga wuya har gindin riga fari fat. Chaibou ya ja ni bayan mota, ya zaro wani abin naɗi mai danƙo da Faransawa ke kira rulo, ya dinga birgima mini shi a gadon baya yana roƙo in rufa masa asiri.

Asirin shi ne karnuka yake ɗauka. Mutumin Tahoua ne, ya karanci kiwo a Yamai, ya zo Lyon ƙaro ilimi, takarda ta fito, aiki bai fito ba. Sai ya lura Bature zai iya barin kakarsa ta hau jirgin ƙasa ita kaɗai, amma ba zai bar karensa ba. Ya sayi mota mai faɗin baya, ya shiga jigilarsu: gidan likitan dabbobi, gidan aski, wani lokaci har Paris. Karen da ya sani a gida siriri ne, na farauta, gashinsa manne da fata. Ba wanda ya gaya masa na nan suna tuɓe riga guda in sanyi ya wuce, su sake tuɓe wata in zai dawo.

Tun daga nan Chaibou bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Kuna hira idonsa na kan hannun rigarka. Ya gano injin zuƙe ƙura ba ya cire gashin da ya soke cikin kujera, sai an sa safar hannu ta roba, an ɗan jiƙa ta, an shafa gefe guda har ya dunƙule. Darduman ƙasa kuwa da robar goge gilashi yake kankare su. Ya shimfiɗa tsohon bargo a baya, yana kakkaɓe shi kafin wanki, don ya taɓa toshe injin wankin matarsa Hassia, ya sha magana har ta ishe shi. A gidansu na unguwar Minguettes, bakin ƙofa yake tuɓe kayan aiki ya ɗaure a leda. Duk da haka Hassia ta taɓa tsamo sili ɗaya daga miyar kuɓewa, ta ɗaga shi sama ya gani.

Da cikin Hassia na fari ya tsufa, mahaifiyarta Hajiya Fatimatu ta taso daga Maradi don ta zauna jego. Hajiya mace ce da in kare ya shinshina butarta sai ta bayar da butar. Abin da ta sani, surukinta direba ne. Tana kuma da ɗa, Uzairu, a Saint-Denis kusa da Paris, mai ɗaki a shirye. In ta ji warin maganar kare, can za ta sauka, Hassia ta haihu ba uwa a kusa. Chaibou ya kwana biyu yana kankara, yana shafa, yana leƙa ƙarƙashin kujera da fitilar waya. Ni ya ɗauka rakiya, tunda suruki ba ya zuba hira da surukarsa, sai an sami mai cika shirun.

Muka ɗauko ta a filin jirgin Paris. Chaibou ya durƙusa ya gaishe ta, kansa a ƙasa, ta amsa tana kallon gefe. Ta zauna a baya cikin baƙin mayafinta, muka hau babbar hanya. Ba mu yi nisa ba ta ce da ni, ba da shi ba, "Maikano, wannan ƙasa ba ta da rana ne?" Chaibou ya yi wuf ya murɗa shofaj, abin hura iska mai zafi, har ƙarshe don motar ta ɗumama. Wuri ɗaya ke nan da safar robarsa ba ta taɓa shiga ba, ramukan iska. Gashin da ya taru a ciki tun bara ya taso, yana yawo a hankali, yana sauka kan mayafin Hajiya.

Ta madubi yake gani. Rulo na nan kusa da gwiwarsa, hannunsa ya kai kansa ya dawo, ya sake kaiwa ya dawo. Ba ya iya taɓa mayafin surukarsa, ba ya iya ce mata jikinta da wani abu. Ya rage iskar, ta ce sanyi. Ya ƙara, gashi ya ƙaru.

Muka tsaya wurin hutawar matafiya don azahar. Hajiya ta fito, ta dubi hannun rigarta, ta tsinci sili ɗaya ta murza.

"Maikano, wace dabba ce wannan?"

"Tunkiya ce, Hajiya. Tumakin Faransa haka suke, gashinsu kamar na jarirai."

"Tun kafin a haife ka nake turke rago," ta ce. "Nemi wata ƙaryar."

Chaibou ya durƙusa nan kan kwalta. "Inna, karnuka nake ɗauka. Shi ne aikina."

Ta sake duban silin da ke hannunta, manyan motoci na wucewa. Ni dai ina lissafin ta inda ake juyawa a koma Saint-Denis.

"Suna shiga ɗakin ɗiyata?"

"Ba su taɓa ba, Inna. Gashin ne ke bina, ina korarsa."

"Da me?"

Ya miƙa mini rulo, ni na miƙa mata. Ta birgima shi a hannun riga, ta duba, ta sake birgimawa, ta ɓare takardar da ta cika kamar ta saba. Sai da ta gama da mayafin tas, ta sauya wani daga jakarta, ta yi sallarta. Da ta shafa addu'a ta jefa rulo cikin jakar, ta ce da ni, "Gaya masa mu tafi, yarinya na jira. Amma jikana ba zai fito asibiti cikin wannan mota ba. Kuma a kashe iskar nan, na yafe ɗumin."

Muka ƙarasa Lyon cikin sanyi, ni ina ta zuba don kada shirun ya dawo. Da Hajiya ta shige ciki, muna sauke akwatuna, na ce masa ya gode wa Allah da ya haɗa shi da mai baki irina, in ba haka ba da yanzu surukarsa na shan shayi a gidan Uzairu.

Ya tsinke wani abu daga kafaɗata, ya hure shi.

"Malam Maikano, na daɗe ina kai karnuka Paris ina dawo da su," ya ce. "Kai ne fasinja na farko da bai rufe baki ba tun daga can har nan."