Ƙofar saiti da Malam Habu ya so kowa ya bi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Malam Habu, wanda muka yi koyarwa tare a wata sakandaren ƙauye a gefen Minjibir. Duk shekara addu'a nake yi masa in ja bakina. Bana shirun ya gagare ni, saboda kunya ce ke cina.

A zamaninsa ne wasu masu hali suka ba makarantarmu tsofaffin kwamfutoci, aka ɗora musu wata manhaja ta kyauta mai tafiyar da na'ura. Sai dai kowacce da irin fuskarta, kuma kowacce da inda ta ɓoye wurin saiti. Yara na cikin sauraron darasi sai murya ta ɗauke. Manhajar darasin tana da maɓallin da zai kai ka saitin sauti, amma a wannan kwamfuta ya buɗe, a ta kusa da ita ka danna har yatsa ya yi tsami, ko gezau. Haka awar darasi take ƙarewa yara na kallon malami, malami na kallon akwati.

Abin ya tsaya wa Habu a rai. Yakan ce, baƙo in ya shiga kowane gari ya ce a kai shi gidan mai gari, kai shi ake yi, ba sai ya san lungu ba. To don me manhaja ba za ta ce a kai ta saiti a kai ta ba, ko wace fuska kwamfutar ta ɗauka? Ya zauna ya haɗa wata 'yar manhaja mai shiga tsakani: ta fara gane irin fuskar, sannan ta buɗe ƙofar da ta dace. A ɗakin kwamfutar makarantarmu dai ta yi aiki. Da yamma kuma ya tafi bakin gonarsa, inda sabis ya fi kamawa, yana aika wa masu ƙera manhajojin saƙo cewa su yarda da hanya ɗaya. Mu kuwa muka sa masa Sarkin Saiti. Muna cewa ga gyaɗa na jiran noma, shi yana can yana sulhunta mutanen da ba su san da zamansa ba. Dariya kawai yake yi.

A hutun nan 'yarsa Zainab, wadda ke karatun kwamfuta a birni, ta zo har gida ta gaishe ni. Ta ce har yanzu masana na kai da komowa kan wannan magana, kuma ta gaya wa malaminsu cewa mahaifinta ya taɓa warware ta a ƙauye.

“Baffa, na ce masa zan kawo aikin ya gani. Yana ina?”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗauki makullin ɗakin kwamfutar muka tafi makarantar. Ɗakin yanzu buhunan taki ne a ciki, da karyayyun kujeru. Bayan rasuwarsa rufin ya fara yoyo, aka yi ta cewa gobe, har wata damina ta gama da kwamfutocin, 'yan gwangwan suka kwashe su a kura. Duk cikinmu malamai babu wanda ya koyi abin da ya haɗa, balle ya kwafe shi. Sunan tsokanar kawai muka adana, yana nan rubuce a jikin ƙofar ɗakin.

Nakan tambayi kaina me Habu zai ce da ya ga yau. Ina jin zai yi murna da cewa maganarsa ba shirme ba ce, tunda ga manya na yin ta. Ɗakin ne ban san da wane ido za mu nuna masa ba.

Me ya rage nasa? Aikin hannunsa ya tafi. Akwai tsofaffin ɗalibai da ba sa tsoron taɓa na'ura, akwai kuma Zainab, wadda ta ce za ta faro abin daga tushe. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma ita gadon nata a hannunmu ya salwanta. Ta daɗe tsaye tana kallon buhunan, ba ta yi kuka ba. Da za mu fita ta durƙusa ta ce, “Allah ya saka da alheri, Baffa, da kuka bar sunansa a jikin ƙofar.”

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Allah ya jiƙan Habu, mu kuma ya yafe mana.