Ta Ce Musu Da Sauƙi

A shekarata ta ƙarshe ta karatun digiri na uku a Kuala Lumpur matata ta haifi ɗanmu na fari. Haihuwa ta zo lafiya. Allurar ƙarin ruwa ce ta goce daga jijiya, hannunta na dama ya yini yana kumbura ba wanda ya cire. Muka koma gidanmu a Wangsa Maju da jariri, ita kuma da yatsu uku da ba sa lanƙwasuwa.

Ni mutum ne mai gajen haƙuri. Na ɗauke ta sai ofishin wata lauya, na ɗora hannun a kan tebur, a tunanina gani ya kori ji. Lauyar ta ce ita ma ta gani, amma kotu ba ta aiki da ganinmu. Sai wani likita ƙwararre ya duba, ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa an yi sakaci. In babu shi, ƙarar ba za ta je ko'ina ba.

Daga ranar zama ya gagare ni. Bizarmu za ta ƙare da ƙarewar karatuna, ga rubutun bincike na yi watsi da shi. Na shiga nan na fita can, jirgin ƙasa na LRT ya zama ɗakina. Wannan likita ya ce ajinsu ɗaya da wanda ya duba ta, ba zai sa hannu ba. Wancan ya yi murmushi ya ce "boleh, boleh", wato zai yiwu, daga nan wayarsa ta daina shiga. Haushi nake ji har abinci ba ya wuce mini.

A ƙarshe wani dattijon likita da ya yi ritaya ya yarda ya gan mu a Bukit Jalil. Ya daɗe yana jujjuya hannun. Ya ce rauni kam akwai, amma abin da ake buƙatar ya rantse a kai shi ne an sanar da ma'aikatan jinya, suka ƙi kulawa. Ya dube ta.

"Da nas ta zo ta tambaye ki jiki, me kika ce?"

"Na ce da sauƙi." Da Turancinta ta faɗa masa, kamar yadda ta faɗa wa nas ɗin.

"Duk zuwan da ta yi?"

"E."

Na yi caraf na shiga bayani. Na ce a wurinmu amsar gaisuwa ce kawai, wanda ke gargarar mutuwa ma da sauƙi yake cewa. Ballantana mai haihuwar fari, wadda aka tarbiyyantar a kan kada a ji bakinta. Ya saurare ni har na gama, kuma na ga ya yarda da ni.

"Na fahimta," ya ce. "Amma a kan abin da nas ta ji zan rantse, ba abin da matarka take nufi ba."

A jirgi muna komawa na kasa zama, ina tsaye ina ta sababi, ina lissafa likitocin da suka rage. Ita tana zaune, ta tallafe yaron da hannun hagu. Sai da muka kusa tasharmu ta yi magana, a hankali.

"Ka daina wahalar da kanka. Ko yau aka mayar da ni gadon nan, ban san me ake cewa ba in ba shi ba."